Baba Mai Zarto da Kujerar Auta

Mai gadi bai gama buɗe ƙofar makarantar da ke kallon rumfata ba, Baba Mai Zarto ya riga ya shige. Fensir a bayan kunne, guduma a aljihu tana ja masa riga gefe guda. Ba ɗakin aikinsa yake fara nufa ba, aji-aji yake bi. Ya ɗora tafin hannu a kan kowane tebur, ya ɗan girgiza shi, ya karkata kai yana saurare kamar mai duba ƙirjin jariri. Wanda ya yi shiru ya wuce shi. Wanda ya yi ƙara ya shafa masa alli a ƙafa. Daga nan sai ya yi abin da ya sa na fara kula da shi tun gashina yana baƙi: ya zaɓi kujerar wani yaro ya zauna. Ƙaton mutum a kujerar 'yan aji ɗaya, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa, ya zuba wa allo ido, allon kuwa ba komai a jikinsa.

Ni gyaran laima da tocila nake yi. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, a wannan makarantar ma. Sai dai Allah ya yi ni da son kallon abin da bai zauna daidai ba, irin kazar da ke bin agwagi bakin ruwa, ko agogon da ke gaba da lokaci yana ta murna. Saboda haka wata safiya na tsallaka titi, na leƙa ta taga.

"Mai Zarto, karatun za ka sake daga farko ne?"

"Mai Laima, matsa, ka tare mini haske. Yaron da ke zama a nan ba ya ganin rabin allo. Rana ce ke dukan allon ta dawo masa cikin ido. Malaminsa ya ce daƙiƙi ne."

"To, daƙiƙin ne?"

"Ban sani ba tukuna. Bari in juya teburin mu gani."

Mutumin ke nan. A ƙarshen zangon nan zai ajiye aiki. Shekaru sun cim masa, hannunsa ya fara rawa, mota kuma ta sauke sababbin kujeru na ƙarfe da roba, duk tsayinsu ɗaya, ba ruwansu da kafinta. Ba wanda ya yi laifi, kujerun ma suna da kyau. Amma akwai wadda tafiyarsa ta fi tsaya wa a rai.

Auta 'yar mai wankin bayan layinmu ce, tana ajin ƙarshe. Ƙashin bayanta ya tashi a karkace, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsayi. A kujera irin ta kowa ba ta kai rabin darasi, sai ciwo ya ɗaure ta, ƙafa ta mutu, ta kife a kan tebur. Tun tana aji ɗaya Baba ya yi mata tata kujerar, kuma duk sabon zango sai ya kwance ta ya sake haɗawa, don yarinya girma take, bayan kuma yana sauya karkata. Bana za ta zauna jarrabawar shiga sakandare, zaman kusan wuni guda. In ta ci, makarantar tana can ƙetaren gari, inda babu Baba. Uwarta ta faɗa a gabana, tana matse riga: "In ba wurin zama, ba karatu. Ba zan tura ta ta je tana kuka a gaban mutane ba. Ta zauna ta taya ni guga."

Zan dawo kan Auta. Bari in fara gaya muku ko su wa suka zauna a kan katakon mutumin nan, don ni daga rumfata na ga shigarsu da majina a hanci, na kuma ga abin da suka zama.

Akwai wadda duk gari ke kira Likita, mu kuwa Bahaguwa muka sani. A zamaninta tebur na mutum biyu ne, da ramin kwalbar tawada a dama. An zaunar da ita a hannun daman abokiyar zamanta, ita tana rubutu da hagu, waccan da dama, gwiwar hannu na karo da gwiwar hannu. Kullum tawada a zube, kullum faɗa, kullum rula a bayan hannu. Har aka fara maganar ɗaure mata hagun a jikin kujera. Baba ya zo goge teburin ya ga duk tabon tawadar a tsakiya yake. Ya huda sabon rami a hagu, ya je ya sami shugaban makarantar wancan lokacin, ya cire hula ya ce: "Ranka ya daɗe, hannun yarinyar nan lafiyarsa ƙalau. Teburin ne bai san da shi ba. A musanya musu wuri." Yau Bahaguwa tiyata take yi. Ita ta cire wa matata maƙoƙo. Kafin a shiga da ita na tare Likita a baranda, na ce, "'Yata, da wane hannu za ki yanka?" Ta ɗaga hagun ta ce, "Da wanda aka so ɗaurewa, Baba. Je ka zauna." Tabon da ke wuyan matata ma sai ka matso kake ganinsa.

Akwai Sarkin Ɓarna. Wannan yaro ƙusa yake zarewa daga benci da bakin cokali, ya cika aljihu. Da aka kama shi aka ce kora. Baba ya bi bencin da yaron ya yi wa sata ɗaya bayan ɗaya, ya hau, ya yi tsalle a kai, ko ɗaya bai motsa ba. Ashe ɗan banzan ƙusoshin da ba sa riƙe komai yake zaɓa. Baba ya ce a bar masa shi lokacin hutun tara, ya ba shi karyayyun kujeru ya yi ta kwancewa har ya gaji ya fara haɗawa. Yanzu injiniya ne, gada yake ginawa. Wadda ke kan babban kogi tasa ce. Ranar da na fara hawa ta na bi a hankali, ina tunanin ko wane ƙarfe ya zare ya sa a aljihu. Manyan motoci na wuce ni, gadar ko gezau.

Akwai Dogo, wanda ya maimaita aji har ya fi malaminsa tsayi. Ƙafafunsa ba sa shiga ƙarƙashin tebur, sai ya zauna a kaikaice kamar baƙo, yara na dariya. Ya fara tsayawa a rumfata da safe maimakon ya shiga. Baba ya ƙara wa teburinsa tsayi, ya kuma ƙara wa duk na layin baya, har da na gajeru, don kada a ce ga teburin Dogo. Gajerun suka yi zango guda suna rubutu da haɓa a kan tebur, ba su san dalili ba. Dogo ya gama firamare da kyar, ya shiga walda. Je ka shagonsa yau ka ga mutanen da ke cin abinci a ƙarƙashinsa. Gadajen asibitin da Likita ke kwantar da mutane, shi ya ƙera su.

Da sauransu. Mai karanta labarai a rediyo, wanda ya yi shekara yana barci a kusurwa har Baba ya matsar da shi bakin taga. Matar da ke tuƙa babbar mota, ba ta wuce ƙofar makaranta sai ta danna ham har tagogi su amsa. Alƙali guda, teloli ban san iyaka ba, malamai uku a makarantar kanta. Ba zan ce duka suka zama wani abu ba. Akwai wanda ke yawo a kasuwa yana magana shi kaɗai, in ya zo Baba yakan ba shi kujera ya zauna ya huta, ba ya tambayarsa komai. Malamai ne suka koyar da su, ban rage wa malamai ko ƙwayar zarra ba. Amma kafin karatu ya shiga kan yaro sai yaron ya samu ya zauna.

Kai ne ka san wannan, Mai Zarto. Kai ne ba ka taɓa riƙe alli don ka koyar ba, sai don ka yi wa tebur alama, amma ba ajin da babu hannunka a ciki. Gyara-zaman-yara, wanda ba a kiran sunansa ranar rabon kyauta.

To, a farkon zangon nan ya ɗauko katako mai kyau da ya daɗe yana ɓoyo, ya ce zai yi wa Auta kujerar da za ta kai ta sakandare. Ina zaune a ƙofar ɗakin aikin ina shan shayi. Ya ja layi da fensir, layin ya fito kamar sawun tsutsa. Ya goge ya sake. Ya ɗora zarto, zarton ya bar layi ya shiga inda ba a aike shi ba. Katakon ya lalace. Bai yi tsaki ba. Ya zauna a kan buhun garin katako ya ɗora hannayensa a gwiwa yana kallonsu, su kuma suna ta rawarsu. Na ɗauki kofina na koma rumfa, don akwai kallon da bai kamata a yi wa mutum ba.

Ana haka sai ga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, sun ji zai yi ritaya. Likita da Injiniya da Dogo aka wakilta. Suka sauke kyauta daga bayan mota a tsakar makaranta, an lulluɓe ta da leda. Da aka yaye, sai ga kujerar kushin, ƙatuwa, mai hannaye kamar cinyar sa. Kafinta aka kawo wa kujera! Baba ya zagaya ta, ya ɗora tafin hannu, ya girgiza.

"Ƙafar baya ta hagu ta gaza."

Dogo ya fashe da dariya. "Na gaya muku! Na ce a saya masa rediyo."

"Baba, zauna dai ka huta," in ji Likita. "Ka gama naka."

"Ban gama ba, 'yata. Ku biyo ni."

Ya kai su ɗakin aikin, ni ma na bi, ba wanda ya gayyace ni. Ya nuna musu tsohuwar kujerar Auta, duk faci, ya nuna katakon da ya ɓata, ya miƙa hannayensa gabansu don su gani da idonsu. Ya ce, "Kushin na gode. Amma in da abin da za ku ba ni, hannu nake so. Nawa sun ƙi."

Aka aika aka kira Auta da uwarta. Likita ta durƙusa, ta bi bayan yarinyar da yatsun hagu tun daga wuya har ƙugu, ta sa ta sunkuya, ta sa ta miƙe, ta zaunar da ita a tsohuwar kujerar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙe tana gyara mayafi, na ga tana neman ta inda za ta fara.

"Baba, soson nan da ka sa a kafaɗa."

"Nan ne ke mata ciwo."

"Nan take jin ciwon. Amma daga ƙugu yake tasowa. In aka tallafe ƙugun nan da gefen haƙarƙari, kafaɗar za ta sauka da kanta. Soson sama daɗi yake mata na ɗan lokaci, sai ta ƙara kwantawa a kansa."

Shekaru mutumin nan yana sa soso a wurin, kuma a gaban uwar yarinya aka faɗa. Na ga gemunsa ya motsa. Ya kamo hannun Likita ya ɗora a bayan Auta, ya ɗora nasa a kai, ya ce, "Nuna mini." Ta nuna masa. Ya lumshe ido yana bi da yatsa. Da ya buɗe sai ya juyo gare ni, fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Mai Laima, ka ji ko? Ashe da gaske karatu suka yi!"

Rigimar gaske da Injiniya aka yi ta. Shi ya ce katako ba zai yi ba, don katako sai an kwance an sake, kuma mai kwancewar zai tafi gida. A yi ƙashin kujerar da bututun ƙarfe, a huda shi jere, majingina da mazauni da abin tallafar ƙugu kowanne a ɗaure da noti, in yarinya ta girma a sassauta a matsar.

"Noti kwancewa yake," in ji Baba.

"Don a kwance shi aka yi shi, Baba."

"Kai dai har yanzu ba ka daina ba. Da cokali za ta zare?"

"Da sufana. Na ci gaba."

"Ƙarfe sanyi gare shi. Yaro ba ya son zama a kan sanyi."

"To mazaunin da majinginar a yi na katako," in ji Dogo. "Ni in yanka, kai ka tsaya a kaina kana zagina, kamar da."

Haka aka yi. Ranakun hutun mako suka riƙa zuwa. Injiniya ya tuɓe agogo yana zane a bayan kwali, Dogo ya kawo injin walda a bayan mota, Likita ta zo da hoton ƙashin yarinyar ta manna a taga, muka ga bayan Auta kamar kogi ya yi kwana. Na daɗe ina kallon hoton nan, har aka ce in matsa. Baba ba ya riƙe komai sai sanfefa, don rawar hannu ba ta ɓata gugar katako. Sau biyu Dogo ya yanka, Baba ya shafa ya ce a sake. Na uku ya shafa ya gyaɗa kai, Dogo ya share gumi ya ce rabonsa da jin tsoro irin wannan tun ranar ɗaurin aurensa.

Da aka gama suka shafa mata farin fenti, tana ƙyalli. Aka kira Auta. Ta tsaya daga ƙofa ta dube ta sama da ƙasa.

"Wannan ai ta asibiti ce."

"Ke, gaida mutane ki yi godiya!" in ji uwarta.

"Na gode. Amma ni ba mara lafiya ba ce. A yi mata kalar na ajinmu."

Dogo ya tafi ya dawo da shuɗin fenti. Da ya bushe ta zauna. Likita ta matsar da abin ƙugu rami ɗaya, Injiniya ya ɗaure, ya miƙa wa Baba sufanar da hannu biyu. Baba ya juya ta, ya auna nauyinta a tafinsa, sai ya miƙa wa Auta.

"Kwance ki mayar, in gani."

Ta kwance, ta mayar, ta ɗaure har tana cije leɓe.

"Daga yau ke ce kafintar kanki. In ya fara ciwo kada ki jira kowa."

Ranar jarrabawa Dogo ya ɗauki kujerar a ka ya shigar da ita zauren tun da safe, shugabar makaranta ta nuna masa inda za a ajiye. Aka rufe ƙofa. Baba, wanda ya fi kowa sanin kowane lungu na makarantar nan, ranar ba shi da izinin shiga. Ya zo rumfata ya zauna, uwar Auta ma ta bar wankinta ta zo. Na ba su shayi, ya huce a hannunsu. Duk ƙarar ƙofa sai uwar ta zabura, tana jiran a fito mata da yarinya a riƙe. Rana ta take, inuwar rumfa ta koma ƙarƙashin ƙafafunmu, ta fara fita ta ɗaya gefen. Ba wanda ya fito. Na warware laima ɗaya na ɗinke ta, na sake warwarewa, don hannuna ya samu abin yi.

Da aka buga ƙararrawa yara suka ɓarke kamar an buɗe keji. Can sai ga Auta a tsakiyar ƙawayenta, fuska a murtuke, tana ta faɗa da hannu. Uwar ta tare ta a tsakiyar titi.

"Mene ne? Me ya faru?"

"Inna, tambayar ƙarshe ta lissafi! Wallahi ba a koya mana ita ba. Na yi ta, amma ba haka ake yi wa mutane ba."

Baba ya taso a hankali. "Bayan fa?"

Ta dube shi kamar ya yi wani yare. Ta ɗan motsa kafaɗa, ta tuna.

"Au. Na manta da shi."

Ta koma cikin ƙawayenta suna ta musun lissafi. Uwar ta rufe fuska da gefen mayafi. Baba ya dawo ya ɗauki shayinsa mai sanyi da hannu biyu, yana zuba a riga, ya shanye tas.

Sakamako bai fito ba tukuna, kuma ba ni da ilimin da zan ce ga abin da zai zama. Abin da na sani, uwarta ta je ta auno mata yadin kayan sakandare, ta ce in ba bana ba, baɗi.

Mai Zarto, mun gode. Mun gode a madadin waɗanda suka san abin da ka yi musu, da waɗanda har yau suke zaton su dai haka kawai suka fara ganin allo. Ka taso da mutanen da suka fi ka sani, suka gyara maka aiki a gaban jama'a, ka yi murna. Allah ya ba hannayen nan hutu, ya sa ka ga Auta da abin da za ta zama.

Ku kuma masu karanta wannan, malamai da iyaye da masu shago, ba sai kun iya riƙe zarto ba. In aka ce muku yaro daƙiƙi ne, ko malalaci, ko ɗan ɓarna, kafin ku amsa, ku je ku zauna inda yake zama. Gwiwa za ta yi ciwo, za a yi muku dariya ta taga. Ku zauna dai, ku ga abin da yake gani.